Wayar Hannu da Lallaɓa Ciwon Suga a Rano da Kibiya

Shirin musamman na yau ya duƙufa ne kan ciwon suga, wato cutar da ke sa sukari ya taru a jini saboda jiki ya gaza samar da isasshen sinadarin insulin ko ya kasa amfani da shi, da kuma gudummawar da wayar hannu za ta iya bai wa masu ƙaramin ƙarfi a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, kudancin Jihar Kano.

Ciwo ne da ake lallaɓawa tsawon rayuwa, kuma mafi yawan lallaɓawar a gida ake yin ta. Manomin da ya karɓo magani daga Babban Asibitin Rano yakan shafe makonni bai sake ganin likita ba, alhali kullum sai ya yanke shawara kan malmalar tuwon masara nawa zai ci, da cokalin sukari nawa mai shayi zai zuba masa. Wannan tazara ce jagoranci ta waya yake cikewa, ma'ana ma'aikacin lafiya ya riƙa bibiyar majinyaci da kira ko saƙo, yana tuna masa shan magani, yana tambayarsa sakamakon awon jini, yana jan kunnensa ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaramin rauni da aka samo a gona kan rikiɗe ya zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa.

An gwada irin wannan a Senegal a 2014, lokacin da gwamnatin ƙasar, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta aika wa masu ciwon suga saƙonni cikin watan Ramadan kan shan isasshen ruwa kafin ɗaukar azumi da rage kayan zaƙi wajen buɗa baki.

Kafin tsarin ya karɓu a ƙauyukan Kibiya, wajibi ne saƙon ya kasance na murya, da Hausa, ya shiga ƙaramar wayar da ba ta buƙatar intanet, ya kuma yi maganar wake da zogale da miyar kuɓewa, waɗanda talaka ke iya samu. Dole ne kuma saƙon ya bayyana cewa rawar jiki da gumi da jiri alamu ne na faɗuwar suga, waɗanda ke buƙatar a sha abu mai zaƙi nan take. Tunatarwa ba ta da amfani idan magani ya fi ƙarfin aljihu, don haka nauyi ya rataya a wuyan hukumomin lafiya su haɗa kiran waya da sauƙaƙa farashin magani da na awon jini.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi. A kasance lafiya.