Kada a Zubar da Tsohon Fim a Bakin Tafkin Kainji

Da madatsar Kainji ta tare kogin Kwara a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyukan gaɓa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yauri. Saurayin da ya tashi a Warra ko Shanga yau ba shi da hanyar ganin wancan zamani sai ta hoto, kuma hotunan lokacin galibi baƙi da fari ne. Saboda haka duk wanda ke da tsohon fim a ƙasan akwati, ko na suna ne ko na kasuwar kifi, ya sani yana riƙe da abin da ya fi hoton bango daraja.

Dalilin yana cikin yadda ake wankin fim. Fuskarsa shafe take da sinadarin azurfa mai jin haske. A ɗakin duhu akan tsoma shi a maganin da ke fito da sura, sannan a wanda ke tsayar da aikin, sai na uku mai kwashe azurfar da haske bai taɓa ba, a ɗauraye sosai a shanya. Ana son ruwan ya tsaya wajen digiri 20, don haka mai wanki a zafin bazarar Yauri sai ya nemi ƙanƙara, ya kuma tsare jiƙaƙƙen fim daga ƙurar hunturu. Abin da ya fito, farar riga baƙa, baƙin gashi fari, shi ne uwa. Hoton takarda kwafi ne kawai, kuma yakan rasa abin da ke cikin inuwa: saƙar taru, tsagen fuska, rubutun jikin jirgin ruwa.

Wani zai ce ai sai a ɗauki hoton takardar da waya. Wannan ya isa a tura wa dangi, amma ba ya jure faɗaɗawa, don waya ba za ta ga abin da takardar ta riga ta zubar ba. Ƙaramin fim mai milimita 24 da 36, in aka sa shi a na'urar sikana mai ɗigo 4,000 a kowane inci, yana ba da ɗigo kusan miliyan 21. Wannan ya isa a buga hoto mai tsawon santimita 48 tsaf, ko kusan mita guda in daga nesa za a kalla. Wani kuma zai ce manhajojin zamani suna gyara dusasshen hoto. Suna yi, amma da kintace: inda fuska ta goge sai su ƙirƙiro wata, kuma jika ba ya neman kakan da na'ura ta zana.

Tsada gaskiya ce, don sikana mai kyau ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Amma guda ɗaya ta ishi masarauta, in masarautar Yauri da ƙananan hukumominta suka haɗa hannu. Jira shi ne haɗari, domin laimar bakin tafki tana sa fim fumfuna, wanda kuma ya fara warin tsami ya kama ruɓewa ke nan. Kafin na'ura ta zo, a riƙe fim ta gefe, a sa shi a ambulan a wuri busasshe, a kuma tambayi dattawa sunayen mutanen da ke ciki tun suna raye.