Ajiyar Samfur: Shaidar da Fataken Hatsi na Minna ke Sakaci da Ita

MINNA — A kowace kaka, manyan motoci kan tashi daga Minna, babban birnin Jihar Neja, ɗauke da wake da masara da gyaɗa zuwa Legas da Ibadan. Amma a rumbunan fatake na Tudun Wada da sauran unguwannin garin, da wuya a sami wanda ya ware ko da mudu guda daga kayan da ya sayar, ya rufe, ya rubuta masa kwanan wata. In mai saye ya aiko cewa kaya sun iso da ƙwari ko fumfuna, sai a shiga rantse-rantse, daga bisani a zaftare kuɗi, galibi daga aljihun mai sayarwa.

Wannan ɗan abin da ake warewa shi ake kira samfur, kuma darajarsa ta fito fili a shekarar 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa shi ne maganin ƙwari na dikulobos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma aka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. A 2016 aka ƙara wa haramcin shekara uku.

Sai dai samfurin da ba a adana da kyau ba ya fi rashinsa haɗari, domin yakan yi ƙarya ta fuska biyu. Dikulobos yana bin iska. Waken da aka bari a buɗe cikin kwano zai fito tsab a ɗakin gwaji, alhali buhunan da ke hanya suna ɗauke da guba. Gyaɗa kuwa akasin haka take. In aka ɗaure ta cikin leda da sauran danshi, a shago mai rufin kwano, fumfuna za ta ci gaba da yaɗuwa, gubar aflatoksin mai lahanta hanta ta ƙaru, samfur ya ɓata sunan kayan da ba su da laifi. Daminar Minna, wadda kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, tana daɗa tsananta wannan.

Saboda haka tilas ne hatsi ya bushe, danshinsa kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari, na gyaɗa kuwa wajen kashi 7, kafin a zuba shi a kwalba mai murfin da iska ba ta shiga, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Ba kuma daga bakin buhu ɗaya ake ɗiba ba. Aflatoksin takan taru ne a 'yan ƙwayoyi ƙalilan, don haka sai a soki buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a raba uku: na mai saye, na ɗakin gwaji, da na mai kaya. Man kaɗanya, wanda Neja ta yi suna a kansa, haske da zafi ke sa shi gafi, sai kwalba mai duhu.

Abin mamaki, wurin gwajin ba nisa gare shi ba. Tun 2019 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna take da cibiyar binciken gubar fumfuna da lafiyar abinci, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ma da samfur take yanke hukunci a kan kayan da za su fita waje. Falken da ke shirin ƙulla ciniki da kamfanin sarrafa abinci ko mai fitar da kaya, ya kamata ya sa a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai riƙe kwalba ta uku, da tsawon watannin da za a ajiye ta.