Sabuwar Ƙa'idar Rubutu A Vim: Gargaɗi Ga Akawuna Da Malamai

Tsofaffin malamanmu sun san wahalar sauyin ƙa'ida. A 1912 Ɗan Hausa ya tsara dokokin rubutun boko, sa'an nan a shekarun 1930 aka kawo haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, tilas duk wanda hannunsa ya saba da tsohon yayi ya sake koyo. To, irin wannan ya auku ga masu aiki da kwamfuta.

Akwai wata manhajar rubutu, Vim, wadda Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar a 1991, kyauta kuwa a ke ba da ita. Tana da harshenta na umarni, wanda mutum kan rubuta mata aikin da ya ke so, kamar jera sunayen 'yan makaranta, ko gyara kuskure guda a layi dubu. A watan Yuni 2022 aka fitar da Vim 9.0 da sabon harshe, Vim9. Dalili shi ne sauri, gama masu ita sun ce ya fi na da sau 10 har zuwa 100.

Ga manyan sauye-sauyen. Da, mai son ajiye wani abu ƙarƙashin suna sai ya rubuta let, yanzu kuwa var. Da a kan buɗe aiki da function, yanzu da def, a rufe da enddef, a kuma faɗi irin abin da za a ba shi, lamba ne ko kalma. Haɗa kalmomi biyu da ɗigo guda ya ƙare, sai ɗigo biyu. Alamar = kuma dole a bar mata fili gaba da baya.

Inda tarkon ya ke shi ne bayanin da mutum kan rubuta wa kansa don tuni. Da alamar " a ke fara shi, yanzu sai #. Akawun da ke Birnin Kudu, ko malamin da ke Gwaram, in ya kwafo tsohon umarni ya zuba cikin sabo bai gyara wannan ba, aikin zai tsaya cik, ko da ranar biyan albashi ce.

Amma kada hankali ya tashi. Ba a kashe tsohon harshe ba, yana nan yana aiki. Fayil ba ya komawa sabon yayi sai an rubuta vim9script a farkonsa, ko da ya ke duk aikin da aka buɗe da def sabuwar ƙa'ida ya ke bi, ko a tsohon fayil.

Moolenaar ya rasu a watan Agusta 2023, abokan aikinsa suka ci gaba, har suka fitar da Vim 9.1 a Janairu 2024. Shawararmu ita ce, abin da ke aiki lafiya a ƙyale shi, sabon aiki kuwa a fara shi da sabuwar ƙa'ida. Wanda zai juya tsoho, ya ajiye kwafinsa tukuna, ya bi shi layi layi, gama sannu ba ta hana zuwa.