David Hockney da itatuwan Yorkshire

Duniya ta fara sanin David Hockney ne da zanen wuraren iyo na gidajen Los Anjelos, masu shuɗin ruwa da ranar Kalifoniya. Ɗan birnin Bradford ne a arewacin Ingila, an haife shi a 1937, ya yi karatun zane a Landan, ya ƙetara Amurka a 1964. Ɗaya daga cikin zanukan wancan zamani an sayar da shi dala miliyan 90.3 a 2018. Sai dai a ganina aikin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wanda ya yi da furfura, bayan ya koma gida ya zauna a garin Bridlington da ke bakin teku, ya shiga bin ƙananan hanyoyin karkarar gabashin Yorkshire.

Abin da ya dame shi tun da daɗewa shi ne kyamara. Hujjarsa ita ce, kyamara na kallo daga wuri ɗaya, cikin ƙiftawar ido, alhali mutum in ya tsaya gaban kurmi idonsa yawo yake yi, ya hau reshe, ya sauko gindi, ya leƙa hanya, ya dawo. Wannan yawon idon, da lokacin da yake ci, shi Hockney ke son sa wa a zane. Shi ya sa yake fita fili da fentinsa da burushi, cikin sanyi da iska, ya koma wuri guda sau da yawa har ya san kowane itace da yadda inuwarsa ke faɗuwa da safe.

A farkon 2007 ya tunkari wani ɗan kurmi kusa da ƙauyen Warter. Gaggawa yake yi, domin rassan tsirara yake so, kuma da zarar hunturu ya wuce ganye zai yi toho ya rufe su. Zanen da ya ƙudura ya fi ƙarfin ɗakin aikinsa, balle motar da ke kai shi wurin. Sai ya raba shi gida hamsin: alluna 50 na ƙyalle, jeri biyar, goma a kowane jeri. Ya ɗauki kaɗan zuwa kurmin, ya zana, ya dawo da su. Mataimakinsa ya ɗauki hoton kowane allo ya jera su a kwamfuta, ta nan ne Hockney ke ganin ko reshen da ya fita daga wannan allo ya haɗu da ɗan'uwansa a na gaba. Cikin 'yan makonni aka gama. Faɗin zanen ya haura mita 12, tsayinsa mita huɗu da rabi, ya cinye bango guda a baje kolin cibiyar zane ta Royal Academy na wannan shekarar. A 2008 Hockney ya ba da shi kyauta ga gidan tarihin zane na Tate.

Launukansa kan ba wasu mamaki. Hanya takan fito da shunayya, gumaguman da aka sare su fito ja-ja kamar garwashi. Akwai masu sukar da ke ganin ya cika ƙyale-ƙyale. Ni ban bi su ba. Wanda ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙiyar hanya ya san ba toka-toka kawai take ba.

Da na'urar iPad ta fito a 2010, bai ɗauke ta abin wasan yara ba. Ba a jiran fenti ya bushe, ba a wanke burushi, ga launi nan take kafin haske ya sauya. Da ita ya bi fitowar toho a hanyar Woldgate a 2011, ranar kowane zane a rubuce.

A 2019 ya koma yankin Normandi na Faransa. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, shi yana cikin lambunsa yana zana itatuwan tuffa suna fure. Daga baya ya haɗa zanukan shekarar wuri guda, suka zama doguwar shimfiɗa mai kusan mita 90 da aka nuna a Faris a 2021, wadda sai mai kallo ya taka da ƙafa daga hunturu zuwa hunturu kafin ya ga ƙarshenta.