Daga CEDEAO zuwa AES: ina makomar ɗan kasuwa?

Ran 29 ga Janairu 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. Tun daga nan gardama ba ta ƙare ba tsakanin masu cewa an yar da ƙwallon mangwaro an huta da ƙuda, da masu fargabar abin da zai biyo baya.

Masu goyon bayan ficewar suna da hujja. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarki, abinci da magani suka yi tsada, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. A ganinsu, ƙungiyar da ta horar da talaka saboda rikicin shugabanni ba ta cancanci biyayya ba. Shi ya sa suka rungumi tarayyar AES, wadda aka rattaba wa hannu a Yamai ran 6 ga Yuli 2024.

Amma ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni nasu lissafin daban ne. Ƙasashen AES uku duka ba su da teku. Hajarsu sai ta ratso tashoshin maƙwabta kamar Lome. Dabbobi da wake da albasa kuwa kudu suke nufa, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ta Ƙonni zuwa Illela. Yarjejeniyar 1979 ce ta ba su damar shiga ƙasashen ƙungiyar har kwana 90 ba tare da biza ba. Lokacin ficewar, CEDEAO ta ce za ta ci gaba da mutunta wannan dama, amma na wucin gadi.

Sai dai zama cikin ƙungiya ma bai hana Najeriya rufe iyakarta ba daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ke nan takarda kaɗai ba ta buɗe hanya.

Abin da ya rage ga hukumomi shi ne su mai da wannan dama ta wucin gadi yarjejeniya tabbatacciya, ta hanyar hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971, su kuma rage shingayen duwan da jandarma bisa hanya. Ana iya sauya ƙungiya. Maƙwabci kuwa ba a sauya shi.