Ko Kun Sani?

Motar da ke da ƙarfin jan tirelar kwana, wato ɗakin nan mai taya da iyalai a Amurka ke tafiya hutu da shi, tana iya kasa ɗaukar tirelar da iyalin a lokaci guda. Dalili kuwa, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar yana sauka ne a kan ƙugiyar bayan mota. Tirela mai kilo 3,000 tana danna kilo 300 zuwa 450 a kan motar tun kafin uba da uwa da yara biyar su shiga da jakunkunansu. Iyakar abin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya duka, tana rubuce a 'yar takardar da aka manna a bakin ƙofar direba, kuma ita ya kamata mai babban iyali ya fara dubawa kafin ya ƙirga gadaje. Nauyin da ake bugawa a talla kuwa na tirelar da babu komai a cikinta ne. Tankin ruwa mai lita 150 kaɗai zai ƙara mata kilo 150.