Wa Ya Fara Ƙera Jirgin Sama, Indiyawa Ko Amurkawa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar dabbobi a Maigatari, ya ce gardama ta kaure a kara ranar Alhamis. Wasu sun kafe cewa Indiyawa ne suka fara ƙera jirgin sama, wai daga littattafan addinin Hindu suka samo asirin, Turawa suka sace. Yana so a warware musu.

AMSA: To, malam, mun gode da wasiƙarka. Wannan magana tana da tushe, amma a bi ta a hankali.

Gaskiya ne tsofaffin littattafan Hindu, kamar Ramayana, sun ambaci wani abin hawa mai tashi da ake kira "vimana". Sai dai labari ne irin na hikaya, ba bayanin ƙira ba.

Sannan akwai wani mutumin Bombay (Mumbai a yanzu), Shivkar Bapuji Talpade, da ake cewa ya tayar da jirgi ba kowa a ciki a shekarar 1895. Amma masu bincike ba su sami tabbatacciyar shaida daga wancan zamani ba. Har fim Indiyawa suka yi a kansa a 2015, mai suna Hawaizaada, to amma fim ba tarihi ba ne.

Littafin da aka fi kafa hujja da shi kuwa, Vaimanika Shastra, ba tsoho ba ne. Wani malamin Hindu, Subbaraya Shastry, shi ya yi shiftarsa tsakanin 1918 da 1923, wato bayan jirage sun riga sun yi Yaƙin Duniya na Farko. A 1974 masana a Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore suka duba zane-zanensa, suka ce abin da aka siffanta ba zai tashi ba.

Waɗanda aka tabbatar su ne 'yan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu sana'ar kekuna. Ranar 17 ga Disamba, 1903, kusa da Kitty Hawk, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci ƙafa 120. Ba nisa, ko? Amma an ɗauki hoto, akwai shaidu, kuma sau 4 suka tashi a ranar.

Ka san tashi ba tsalle ba ne. Sai an haɗa abu uku: fiffike da iska za ta ɗaga, inji mai ƙarfi marar nauyi da zai tura, da kuma hanyar juya jirgin yadda kake juya doki da linzami. Wannan na ukun shi ne babban abin da 'yan'uwan suka gano.

Mu nan kuwa, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage 3 na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, zamanin Sarkin Kano Usman. Jama'a suka gani da idonsu.

Saboda haka, malam, ka gaya wa abokan gardamarka su yi abin da suka saba. Wa zai biya kuɗin sa don dillali ya rantse yana da ƙiba, alhali ba a kawo shi kara ba? Ba a cinikin biri a sama. Duk wanda ya zo muku da asiri daga "tsohon littafi", ko na ƙira ne, ko na magani, ko na kuɗi, ku tambaye shi: yaushe aka rubuta, wa ya gwada, wa ya gani?

A gaida mutanen Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar. Allah Ya ba da kasuwa.